HOTON ƘASHI YA CE LAFIYA LAU, AMMA HANNUN YAYA YA ƘI ƊAGUWA

Kun saba ganin rubutuna a kan sanarwar taro da tunin kuɗin wata. Yau kuwa labarin abin da ya faru a gidanmu zan ba ku, domin tun da Yayana ya dawo daga Kano mutane ke tare ni a hanya suna tambaya: wai da gaske ne sikanin aka yi masa a kafaɗa, irin wanda ake yi wa mata masu juna biyu? Wasu da dariya suke tambayar. Ni ma dariyar na yi ranar da aka fara faɗa mini, kuma rashin sanina ya sa ɗan'uwana ya yi wata huɗu yana fama da ciwon da ba mu san sunansa ba. Da izininsa nake wannan rubutu.

Yaya ya haura shekara 50, kuma fiye da rabin shekarun nan a kasuwar hatsi ta Potiskum ya yi su yana dako. Duk wanda ya san kasuwar nan da kaka ya san yadda tireloli ke jeruwa ana lodin gero da dawa da wake. Kullum da sassafe yake barin Ngojin, ba ya dawowa sai bayan magariba. Da wannan kafaɗa ya ciyar da iyalinsa, kuma da ita aka biya wani kaso na kuɗin difilomata lokacin da mahaifinmu ya gaza.

Wata rana cikin watan Nuwamba yana saman mota yana gyara zaman buhuna, sai ƙafarsa ta zame. Da ya ji zai faɗo sai ya kai hannun dama ya cafki ƙarfen jikin motar, nauyin jikinsa gaba ɗaya ya rataya a hannu ɗaya. Ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas a cikin kafaɗar, kamar an tsinka igiya. Daga nan hannun ya ƙi ɗaguwa.

Washegari na kai shi asibiti aka yi masa hoton ƙashi. Ma'aikacin ya duba ya ce babu karaya, babu gocewa, a ba shi maganin ciwo, idan bai ji sauƙi ba mu dawo. Gaskiya ya faɗa, kuma ya ce mu dawo. Ni ne ban koma da shi ba. Na ɗauko hoton na zo gida na ɗaga shi a hasken rana a gaban iyalinsa, ina nuna musu da yatsa sai ka ce likita. Na ce, "Yaya, ka gani da idonka, ƙashinka lafiya lau. Buguwa ce kawai, nan da mako biyu za ka koma kasuwa." Tun da mai difiloma ya faɗa, kowa ya yarda.

Mako biyu ya wuce, wata guda ya wuce. Da rana ciwon da sauƙi, amma da dare ba ya iya kwanciya ta gefen dama, wani lokaci sai ya tashi zaune ya jingina da bango har asuba. Muka shiga abin da kowa ke shiga. Kemis ya ba mu diclofenac, ya ƙare muka sake saye, ya sake ƙarewa muka sake saye. Aka kai shi wurin mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja hannun ya ɗaure. Wanzami ya yi masa ƙaho. Wasu suka ce sanyin ƙashi ne, wasu kuma suka fara raɗe-raɗin cewa jifansa aka yi a kasuwa.

Abin da ya fi yi mini ciwo yanzu shi ne abin da na saka a raina. Cefanen gidansa ya dawo wuyana, albashi kuwa kun san halin da ake ciki. Na fara tunanin ko dai Yaya ya ji daɗin zama ne. Ran nan na kasa haɗiye maganar, na ce da shi cikin sigar wasa, "Yaya, anya ba jikin ne ya saba da hutu ba?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗan boko, kai takarda ka gani. Ni kuwa a jikina abin yake." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Bayan 'yan kwanaki na leƙa gidansa da safe, na same shi zai saka hula. Maimakon ya kai hannu kansa, sai na ga ya sunkuyo da kan ya kawo shi wurin hannun. Mutumin da ke saɓa buhu shi kaɗai ya hau katako da shi. Na juya na fita ba tare da ya gan ni ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Cikin watan Maris aka yi ɗaurin aure a unguwarmu, wani ɗan garinmu da ke aikin gashin ƙashi a wani asibiti ya zo gida. Na ja shi gefe na nuna masa hoton. Ko minti ɗaya bai yi yana kallonsa ba, ya ce in kai shi wurin mai ciwon. Ya ce Yaya ya ɗaga hannunsa ta gefe. Hannun ya ɗan taso kaɗan, sai kafaɗar gaba ɗaya ta ɗage zuwa kunne. Sai ya kama hannun da kansa ya ɗaga shi, ya tafi sama ba gardama. Ya ce, "Baba, riƙe shi a nan, ka sauke a hankali." Yana saki hannun ya faɗo. Ya juyo ya ce da ni, "Yallaɓai sakatare, gaɓar ba ta daskare ba, tun da ni na iya ɗaga ta. Abin da ke jan hannun ne nake zargin ya tsinke. A yi masa sikanin ɗin kafaɗa." A nan ne na yi dariyar da na ambata.

Ga yadda ya yi mini bayani, kuma likitocin da muka gani daga baya suka maimaita. A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abubuwa da yawa: akwai ta jini, akwai mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, akwai kuma wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Wannan ta ukun kowane mahauci ya san ta, ita ce farar agarar nan mai tauri da ke ƙarshen tsoka, wadda wuƙa ke sha da ƙyar. Ƙashi ba ya motsa kansa. Tsoka ce ke takurewa ta ja wannan jijiya, ita kuma ta ja ƙashi.

Gaɓar kafaɗa ta fi kowace gaɓa a jiki sakewa, shi ya sa hannu ke juyawa ta kowane ɓangare. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ba shi da zurfi. Tsokoki huɗu ne suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin suka riƙe shi a gurbinsa: ɗaya ta gaba, ɗaya ta sama, biyu ta baya. A takardar asibiti za ku ga an rubuta rotator cuff, su ake nufi. Ta saman, wadda likitoci ke kira supraspinatus, ita ta fi yawan yagewa. Tana bi ne ta wani matsattsen wuri a ƙarƙashin ƙashin da ya yi wa kafaɗa rumfa, kuma tana cikin masu ɗaga hannu ta gefe.

Yagewar iri biyu ce. Akwai ta farat ɗaya, irin ta faɗuwa ko fizgar hannu ko gocewar kafaɗa, musamman ga wanda ya wuce shekara 40. Akwai kuma ta sannu a hankali, kamar yadda igiyar guga ke cinyewa a bakin rijiya zare bayan zare. 'Yan dako da magina da masu fenti da matan da suka shekara suna daka da jan ruwa duk suna cikin wannan. Sau da yawa ma biyun ke haɗuwa: igiyar ta riga ta ci, faɗuwa ta ƙarasa ta.

To me ya sa hoton ƙashi bai nuna ba? Shi wannan hoto, wanda wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a 1895, yana ratsa tsoka da jijiya ya wuce, ƙashi ne ke tare shi ya fito fari. Saboda haka jijiya na iya tsinkewa gaba ɗaya hoton ya fito tas. Abin da hoton Yaya ya ce shi ne ƙashi bai karye ba. Ni na ƙara masa da cewa babu komai.

Sikanin kuwa da sauti yake aiki. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce kimanin 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Na'urar tana tura sautin da ke kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa cikin jiki, ya bugi tsoka da jijiya da ƙashi ya dawo kamar amsa-kuwwa, kwamfuta ta mayar da shi hoto nan take. Irin dabarar da jemage ke gane hanya da ita cikin duhu ke nan. Cikin waɗanda suka fara shigar da ita aikin asibiti akwai Ian Donald, likitan mata da haihuwa a birnin Glasgow na Birtaniya, wanda ya wallafa sakamakon aikinsa a 1958. Ta ɗakin awon ciki yawancinmu muka san na'urar, shi ya sa muka ɗauka ta mata ce. Alhali ana duba hanta da ƙoda da zuciya da maƙogwaro da ita, har da gaɓoɓi.

Mun fara zuwa wani wurin sikanin a cikin gari. Mai wurin, Allah ya saka masa, ya gaya mana gaskiya. Ya nuna mana kan na'urarsa mai lanƙwasa, ya ce wannan na ciki ne, sautinsa na nutsawa da zurfi amma ba ya fito da ƙananan abubuwa sosai. Kafaɗa tana buƙatar kai mai miƙaƙƙen baki, wanda sautinsa ya fi kaɗawa, kamar miliyan 10 zuwa 15 a daƙiƙa, domin jijiyar ba ta da nisa da fata. Ya ƙara da cewa ko da yana da kan, duban kafaɗa fanni ne da sai wanda ya koya. Da wani ne da ya karɓi kuɗinmu ya rubuta mana abin da ya ga dama.

Muka samo takarda daga likita, muka kama hanyar Damaturu, tafiyar kimanin kilomita 100. Ba a ce ya yi azumi ba, ba a ce ya cika mara da ruwa ba, babu allura. Aka zaunar da shi a kujera marar jingina, ya tuɓe riga, likitan hoto ya shafa masa wani mai sanyi mai yauƙi a kafaɗa. Ya ce ya ɗora hannu a cinya tafin na kallon sama, ya duba gaba. Ya juya hannun waje, ya sake dubawa. Ya ce ya kai tafin hannu baya kamar mai laluben aljihun wando na baya, wanda a nan ne Yaya ya cije leɓe. Daga ƙarshe ya ce ya dafa ɗaya kafaɗar, ya duba ta baya.

Sai ya juyo da allon wajenmu. Ya fara ɗora na'urar a kafaɗar hagu mai lafiya, ya ce, "Malam, kalli nan." Na ga wani farin layi mai kauri, zare-zare a jere, ya kwanta a kan ƙashi ya lanƙwasa har ya manne. Ya koma ta dama, daidai wurin. Farin layin ya taho, sai ya yanke. A gurbinsa akwai baƙin fili, wanda ya ce ruwa ne ya cike inda jijiya ta bari. Da ya ɗan danna, naman da ke sama ya lotsa cikin ramin. Ya auna faɗin wurin ya rubuta. Jijiyar sama ta yage daga sama har ƙasa, bakinta kuma ya fara ja da baya. Duka aikin bai fi minti 20 ba.

Gani ya kori ji. Yaya bai ce da ni komai ba, bai ko kalle ni ba. Ni ne na kasa ɗaga kai.

Daga nan aka tura mu Kano wurin likitan ƙashi. Shi ne ya faɗi maganar da ta sa nake wannan rubutu. Ya ce jijiyar da ta rabu da ƙashi gaba ɗaya ba ta komawa ta manne da kanta, domin tsokar kullum janta take yi baya. Idan aka daɗe, ramin na iya ƙara faɗi, tsokar ta rame, kitse ya maye gurbinta, har a kai matsayin da ko an yi aiki ɗinkin ba zai riƙe ba. Ga mutumin da ya ji ciwo farat ɗaya kuma da hannunsa yake ci, an fi son a gyara cikin makonni. Mu mun zo bayan wata huɗu. Ya sa aka yi hoton MRI don ya ga halin da tsokar ke ciki, aka yi sa'a ba ta lalace ba tukuna.

Aka sayar da san da muke kiwo a kasuwar shanu ranar Laraba, 'yan uwa da abokan aikinsa suka kawo gudummawa, aka yi masa aiki aka mayar da jijiyar jikin ƙashi. Ya yi mako shida hannu na rataye, sannan aka shiga gashi da motsa hannu na watanni. Yau yana saka hularsa da hannun dama, yana kwana ta gefen da ya ga dama. Dako kuwa likita ya ba shi shawara ya haƙura da shi, saboda ɗinkin na iya sake ɓallewa. Yanzu awon hatsi yake yi a bakin rumfar wani ubangidansa. Da na zauna na yi lissafi, abin da muka kashe a kemis da wurin ɗori da ƙaho ya ninka kuɗin sikanin da na mota har sau da dama, ban da wata huɗu na rashin aiki.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka duk ciwon kafaɗa sai an yi aiki. Bayan dawowarmu na kai Gwaggonmu, wadda ta daɗe tana kukan kafaɗa. Nata hoton ya nuna jijiyar ta ɗan ci ta gefe ɗaya tare da kumburi, ba ta tsinke ba. Aka haɗa ta da masu gashi suka koya mata motsa hannu, aka ce jikoki su karɓi taɓarya. Ta samu sauƙi ba tare da wuƙa ta taɓa ta ba. Likitan ya ce mutane da yawa da suka manyanta suna yawo da yagewar jijiyar kafaɗa ba su ma sani ba, don ba ta damunsu, kuma irin wannan ba a taɓa ta. Akwai kuma daskarewar kafaɗa, wadda ta fi kama masu ciwon suga, inda ko wani ne ya kama hannun ba zai ɗagu ba. Ita maganinta daban.

Shi ma sikanin yana da iyaka. Wajen gano jijiyar da ta yage gaba ɗaya, a hannun gwani yana kusan daidai da MRI, ga shi ya fi araha nesa ba kusa ba, ga shi ana iya motsa hannu ana kallo a gwada da ɗaya kafaɗar. Amma ƙaramar yagewa na iya ɓuya masa, kuma sauti ba ya ratsa ƙashi, don haka abin da ke can cikin gaɓar ba ya ganinsa da kyau. Sannan ingancinsa ya dogara da hannun mai riƙe da shi. Hoton ƙashi ma yana nan da amfaninsa: bayan faɗuwa shi ake fara yi, don a tabbatar babu karaya ko gocewa.

Ga abin da nake roƙon 'yan uwa su riƙe. Wanda ya faɗi ko aka fizgi hannunsa, hoton ƙashi ya fito lafiya, amma bayan mako ɗaya ko biyu ba ya iya ɗaga hannu ko ciwo na hana shi barci, ya koma asibiti ya tambayi likita ko akwai buƙatar duba jijiya. Kafin ku biya kuɗin mota, ku bincika ko wurin na da kan na'urar da ya dace da wanda ya iya duban kafaɗa. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, da na koyarwa na Maiduguri, da na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala su ne wuraren fara tambaya. Masu ɗori suna da matsayinsu a wurinmu, amma kara da ƙyalle ba sa kamo jijiyar da ta ja da baya. A kuma yi hattara da shan diclofenac da ibuprofen wata da watanni ba da sanin likita ba, domin suna iya jawo gyambon ciki su kuma taɓa ƙoda, mu kuwa a jihar nan mun san abin da ciwon ƙoda ke yi wa gidaje. Wanda kuma ciwon kafaɗa ko hannun hagu ya zo masa tare da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, kada ya tsaya neman sikanin, a garzaya da shi asibiti nan take, don yana iya zama zuciya.

Ranar da aka cire masa abin rataye hannu na same shi a zaure na ce, "Yaya, ka yafe mini maganar da na faɗa maka." Ya yi murmushi ya ce, "Wace magana? Je ka rubuta wa mutane, kada wani ya yi wata huɗu irin nawa." To ga shi na rubuta. Wanda ke da ɗan dako ko magini ko tsohuwa a gida da ba sa shiga nan, ya karanta musu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita.

Sakataren ƙungiya,
Ngojin, Potiskum.